'Yan rawarmu na tsufa, jami'a na kallo

Jama'ar Madawa, Buza da Kaita, ku saurara. Germaine Acogny ta zaga duniya da rawa, ta shugabanci makarantar Mudra Afrique a Dakar daga 1977 zuwa 1982, sannan ta kafa École des Sables tana koyarwa. A 2021 aka ba ta kyautar Zakin Zinariya a birnin Venis.

Mu fa? Waɗanda suka fidda jihar Tawa kunya a gasar samariya zamanin Kunce suna nan cikin ƙauyuka, ƙafa ta yi nauyi, ana ce musu maroƙa. Wai ba su da takardar digiri. To, wane dokta ne ya san takun da ke ƙafarsu? Jami'ar Djibo Hamani ta kira su aji, ta biya su kamar kowane malami, tun suna iya miƙewa.