IN WAYA TA CIKA, TA FAƊA MANA TUN DA WURI

Edita,

Ina roƙon ka sam mini fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in yi kira ga masu haɗa manhajojin waya kan wani abu da ke ci wa ƙananan 'yan kasuwa tuwo a ƙwarya a nan Jega da Aliero da Maiyama, wato cikar memori.

Tun da salula ta shigo Najeriya a 2001, ita ce ɗan aikenmu, ita ce littafin bashinmu. Da ita mai albasa ke jin farashin Legas da Anacha. To amma galibinmu ƙananan wayoyi muke riƙewa. Mutum yana cikin ɗaukar saƙon murya na lissafin buhunan da ya loda, sai waya ta daskare, manhaja ta rufe kanta, lissafi ya bi ruwa. Ko kuma akwatin saƙo ya cika, alat na banki ya ƙi shigowa. Mai saye yana rantsuwa ya turo, mai kaya yana rantsuwa bai gani ba, ga mota tana jira a kasuwar Jega ran Juma'a. Haka kawai zumuncin shekaru ya lalace.

Yaranmu masu karatun kwamfuta a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero sun warware mana cewa memori iri biyu ne. Akwai wanda yake kamar tabarmar da kake baza kaya, nan waya ke yin aikin da ke hannunta. Akwai kuma rumbu, inda hotuna da bidiyo ke kwana. In tabarma ta cika, waya kan rufe wata manhaja don ta samu wuri, abin da ba a kai rumbu ba kuwa shi ke nan.

Ni ban ga laifin cika ba. Rumbu na cika, rudun albasa na cika. Amma in mota ta cika, yaron mota zai ce maka, "Malam, babu wuri, jira ta baya." Ba ya karɓar buhunka ya jefar a rafi ya yi shiru. Shirun nan shi ne laifin.

Kada wani ya ce ƙanƙantar waya ce ta jawo. Kwamfutar Commodore 64 da ta fito a 1982 kilobait 64 kacal gare ta, hoto guda na wayar yau ya fi ƙarfinta. Duk da haka in ta cika takan tsaya ta rubuta maka cewa wuri ya ƙare, shirin da ka rubuta kuma yana nan, sai ka rage ka ci gaba. Kafin nan ma, ran 20 ga Yuli 1969, lokacin da kumbon Apollo 11 na Amurka ke sauka a duniyar wata, aiki ya yi wa kwamfutarsa yawa. Sai ta buga ƙararrawa, ta ajiye ƙananan ayyuka, ta riƙe aikin sauka, Neil Armstrong da abokin tafiyarsa suka sauka lafiya. Ashe dabarar ta daɗe.

Saboda haka roƙona guda uku ne. Na farko, manhaja ta yi gargaɗi tun da sauran wuri, da Hausa kuma da murya, don ba kowa ke karanta Turanci ba. Na biyu, kafin ta rufe ta adana abin da mutum ke cikin yi. Na uku, kada ta goge komai sai ta tambayi mai waya, don ita ba ta san bidiyon biki da hoton rasit wanne ya fi tsada ba. In kuwa wuri ya ƙure, saƙon kuɗi ya riga kowa shiga.

Masu cewa mu sayi babbar waya, ai kuɗin taki da na fetur ɗin ban-ruwa ba su bar mana rara ba. Kuma babbar ma cika take yi.

Ku kuma 'yan'uwana 'yan kasuwa, a riƙa goge bidiyon da ba shi da amfani, a kashe saukar da kaya kai tsaye a WhatsApp, bashi kuma a rubuta shi a littafi da biro. Ɗalibanmu na Aliero, in Allah ya sa kun fara haɗa taku manhajar, ku tuna da wayar da ke aljihun iyayenku.

Allah ya sa kunne ya ji, amin.

Naka,
Wani manomi kuma ɗan tireda,
Aliero, Jihar Kebbi.