Raddi Ga Mai Cewa Ibada Ce Ke Cinye Mana Lokaci

 

Akwai wani ƙanena, ba na jini ba, ma'aikacin gwamnati mai ƙwazo, da muke zama majalisa ɗaya a Unguwar Rimi bayan sallar Isha'i. Kwanan baya ya jefo wata magana da ta hana mu tashi da wuri. Cewa ya yi kukan “ba ni da lokaci” da kowa ke yi a Kaduna ba zikiri ne maganinsa ba, ba kuma wuridi ba, tsari ne irin na Turawa. Ya ƙara da cewa ibadar ma ita ce ke yanka wunin ma'aikaci gunduwa-gunduwa. A daren hayaniya ta yi yawa, kowa na son a ji tasa, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ƙanena, ga amsarka, hujja bayan hujja.

Ka fara da lissafi. Ka ce salla sau biyar, ga alwala, ga tafiya masallaci, ga lazimi safe da yamma ga ɗan ɗariƙa, in an tara an cinye rabin wuni. To, mu ƙirga. Wuni da dare minti 1,440 ne. Farillan nan biyar raka'a 17 ne. Ba wa kowace salla minti 15 har da alwala, ka sami minti 75. Lazimin Tijjaniyya, istigfari 100 da salati 100 da hailala 100, ba ya kai rabin awa ga wanda harshensa ya saba. Azkar ɗin safe da yamma da 'yan'uwanmu na Izala suka fi riƙewa ma haka. Duk a haɗe ba su cika awa biyu da rabi ba. Yanzu ciro wayarka, ka buɗe wurin da take nuna awowin da ka shafe a WhatsApp da TikTok da Facebook a makon jiya. Ni ban san abin da za ka gani ba, amma na ga nawa, kuma na ji kunya. Ɓarawon yana aljihu, mu kuma muna nuna masallaci da yatsa.

Sai ka ce, to, ko ma dai mene ne, mai ƙarancin lokaci ƙarin lokaci yake buƙata. Nan ne na fi son mu daɗe, domin garinmu ya riga ya gwada wannan magani a kanka. Daga 1 ga Disamba 2021 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta mayar da zuwa ofis kwana huɗu a mako ga ma'aikatan jiha, Juma'a a gida. Wuni guda cur aka miƙa maka. Tsakaninka da Allah, tun daga ranar ka daina cewa ba ka da lokaci? Ni dai a majalisar nan ban ji kukan ya ragu ba. Juma'ar ta cika da kai mota wurin makanike, da ɗaurin aure a Kawo, da gaisuwar rasuwa a Malali, da ɗan kasuwancin gefe. An faɗaɗa tituna, an sake gina gadar Kawo, jirgin ƙasa ya fara jigila tsakanin Rigasa da Abuja tun 2016, duk don a rage wa mutane ɓata lokaci. Mintocin da aka ceto ina suka tafi?

Turawan da kake kafa hujja da su ma sun sha wannan mamaki. A 1930 masanin tattalin arzikin Ingila, Keynes, ya yi hasashen cewa jikokinsu awa 15 kawai za su riƙa aiki a mako saboda ci gaban injuna. Injunan sun zo, hutun bai zo ba. Dalili kuwa, buri ba ya ƙoshi. Tulun da gindinsa ya huje, ƙarin ruwa ba ya cika shi. Abin da salla ke yi shi ne ta kafa wa wuni turaku biyar waɗanda ciniki da buri ba su isa su tsallake ba. Mai shago a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ya saba cewa “kafin Azahar zan gama lissafin jiya, bayan La'asar zan je banki” yana da jadawalin da ya girmi duk wata manhajar tsara lokaci. Kakanninmu da sallolin nan suke yanka alƙawari tun kafin agogo ya shigo ƙasar Hausa, har gobe kuma Bahaushe ya fi cika alƙawarin “bayan Magariba” a kan na “ƙarfe bakwai”.

Hujjarka ta uku ita ce kalmar “albarka” ba ta da ma'auni, wai magana ce ta lallashin malalaci. Na yarda ba a auna ta da mudu. Amma ana ganin sawunta. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya riƙe daula daga 1817 zuwa 1837, yana fita yaƙi, yana kafa ribaɗoɗi, yana amsa wasiƙun sarakuna, kuma ya bar littattafai masu yawa, har da na magani. Ƙanwarsa Nana Asma'u tana da aure da 'ya'ya, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru na karantar da matan karkara. Dukansu 'yan Ƙadiriyya ne masu wuridi. In ka ce wancan zamani ne da babu hayaniya, to sauko Unguwar Sarki. Malam Abubakar Gumi ya riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalan Arewa daga 1962 zuwa 1967, ya yi shekaru yana karantarwa a Masallacin Sultan Bello ana sawa a Rediyon Kaduna, ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausa, ya rubuta tafsiri da Larabci. Shi da malaman ɗariƙa sun yi saɓani mai zafi a kan wane zikiri ne ya inganta, kowa ya sani. Amma ba ɓangaren da ya taɓa cewa ambaton Allah ne ke hana aiki.

Yadda abin yake aiki ba ɓoyayye ba ne. Yawancin abin da muke kira rashin lokaci rarrabuwar zuciya ce: jiki na ofis, hankali na kan kuɗin makarantar yara, hannu na kan waya. Aikin minti 20 sai ya ci awa biyu. Wanda ya horar da zuciyarsa ta tsaya wuri ɗaya sau biyar a wuni, ya fi iya tsayar da ita a kan fayil. Imamu Gazali, wanda ya ajiye babbar kujerar koyarwa a Bagadaza a 1095 don ya nemo natsuwarsa, ya ware babi sukutum a Ihya'u a kan yadda ake raba dare da rana zuwa wuridai, kuma ya sa neman halal da karatu a cikin rabon.

Ta huɗu kuwa, a nan ka yi gaskiya, ba zan murɗe ba. Ka ce akwai ma'aikacin da zai fita Azahar ƙarfe ɗaya, sai bayan La'asar ka sake ganinsa, mutane na zaune a benci da takardu. Na taɓa zama a irin wannan benci a wata ma'aikata, da yunwa, ana ce mini “ya je salla”. Sai dai wannan hujja ce a kan mutumin, ba a kan salla ba. Suratul Jumu'a da ta yi umarnin a bar ciniki idan an yi kira, ita ce ta ce a watsu neman abinci da zarar an idar. Annabi (SAW) ya tsawata wa Mu'azu bin Jabal don ya tsawaita karatu alhali a bayansa akwai masu aiki da masu buƙata. Wanda ya fake da masallaci ya tafi hira ya ci amanar albashinsa, kuma malamai sun fi ka iko da hujjar hukunta shi.

Akwai wata da ba ka kawo ba, ni zan kawo maka, don ta fi duk naka ƙarfi. Me za a ce wa mai Keke Napep da ke zarya tsakanin Kawo da kasuwa tun Asuba don ya haɗa balas, ko uwar 'ya'ya shida a Badarawa da ke tashi kafin kiran farko ta dama kokon sayarwa? Waɗannan ba waya ce ta cinye musu wuni ba, talauci ne, kuma rashin kunya ne mai ƙoshi ya ce musu su ja carbi komai zai daidaita. Haƙƙinsu yana wuyan masu mulki da masu dukiya, da mazan da ba sa ɗaga ko tsintsiya a gida. Duk da haka, Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana Faɗima ta je neman mai aiki wurin mahaifinta, Annabi (SAW), saboda niƙa ya illata mata hannu, sai ya koya mata ita da Sayyadina Ali tasbihi 33, tahmidi 33, kabbara 34 lokacin kwanciya. Dutsen niƙan bai ragu ba, da safe yana nan yana jiranta. An ruwaito kuma cewa Ali bai bar wannan zikiri ba har a daren yaƙin Siffin. Je ka tambayi mai kokon Badarawa ko za ta yarda a karɓe mata 'yan mintocin da take zama a kan darduma bayan Asuba, kafin yara su farka, a musanya mata da barci. Abin da ta gaya maka, ka kawo mana majalisa bayan Isha'i.