Shirun Likita Ma Ciwo Ne

Yayata ta shekara uku tana shan maganin atuni kafin a kira sunan ciwonta na gaskiya. Mai kemis ya ba ta Flagyl har ta daina jin ɗanɗanon abinci, mai maganin gargajiya ya ce basir ne, dangi kuwa suka ce a binciki hannun mutum. Sai da ta rame ta koma kamar kara aka kai ta wani babban asibiti, inda aka zura mata bututu mai kyamara aka leƙa hanjinta. Likita ya rubuta ulcerative colitis a kan kati, ya miƙa takardar magani, ya kira mai bi mata a layi. Ni da na kammala digiri a wannan shekarar, ina tsaye a gefenta, na fito ban san abin da zan faɗa wa mahaifiyarmu ba.

Abin da ya kamata mu ji a ranar ba shi da tsawo. Ciwon gyambon babban hanji ne, yana somawa daga dubura ya yi sama. Garkuwar jiki ce take afka wa fatar cikin hanjin, ta kumbura, ta yi miki, ta riƙa tsattsafo jini da majina. Ba a ɗaukarsa daga wani. Yana lafawa yana tashi tsawon rayuwa, saboda haka ƙwayoyi irin su sulfasalazine ko mesalazine ana ci gaba da shan su ko da jini ya tsaya. Prednisolone kuma na kashe wutar tashin ciwon ne, a hankali ake rage shi, ba a yanke shi rana ɗaya. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda kowane kemis yake sayarwa, suna iya tayar da shi.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka faɗa mana. Da jini ya tsaya, Yaya ta yi abin da duk mai hankali zai yi da magani mai tsada: ta ajiye shi. Bayan wata biyu muka koma da ita ranga-ranga, tana zagayawa fiye da sau goma a wuni, alwala ba ta riƙe ta daga sallah zuwa sallah. Tun a shekarar 1955 likitoci biyu a Ingila, Truelove da Witts, suka fayyace alamomin tsananin wannan ciwo: bahaya mai jini sau shida ko fiye a rana, tare da zazzaɓi, ko saurin bugun zuciya, ko ƙarancin jini. Da an koya mana wannan lissafi, da mun zo tun a kwana na biyu, ba na goma ba.

A gadon asibiti ma shirun ya biyo mu. Aka kawo allurar hana daskarewar jini, mahaifiyarmu ta tare hanya ta ce, "Yarinyar da jini ke zuba, ita za ku ƙara tsinka wa jini?" Aka rubuta a fayil cewa iyali sun ƙi magani. Kwana biyu ana haka, sai wata ma'aikaciyar jinya ta ja kujera ta zauna. Ta ce, "Mama, wannan ciwo idan ya tashi yana sa jini ya yi guda a jijiyar ƙafa, gudan kuma yana iya tafiya huhu. Shi muke tarewa." Mahaifiyarmu da kanta ta yaye wa Yaya mayafi. Minti biyar ɗin nan ya fi mana kwana biyun da aka yi ana hararar juna.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba na raina ta. Likita ɗaya ne, layi har bakin ƙofa, abokan aikinsa da yawa sun tafi ƙasashen waje. Amma wa ya fi cin lokacin likita: mara lafiyar da aka yi wa bayani na minti goma, ko wadda ta dawo ta riƙe gado mako biyu, da ƙarin ruwa da ƙarin jini? Amsa ta biyu ita ce mutanenmu ba su yi boko ba, ba za su gane ba. Wannan ita ce na ƙi amincewa da ita. Manomin da yake sanin lokacin zuba taki, da tsohuwar da take riƙe lissafin adashin mata ashirin a ka, ba za su kasa gane cewa magani na kullum ne ba. Abin da ba su ganewa shi ne Turancin da aka jefa musu a tsaye.

Bayanin nan ba alfarma ba ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da mara lafiya halin da yake ciki da hanyoyin maganinsa, cikin harshen da yake ji gwargwadon iko. A 2018 kuma an ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin marasa lafiya, wanda ya sake jaddada haƙƙin samun bayani. Doka tana nan, aiki da ita ne babu.

Gyaran bai buƙatar sabon gini. A ware ma'aikaciyar jinya ɗaya a asibitin masu ciwon hanji, aikinta zama da sababbin marasa lafiya da masu jinyarsu. A buga takarda ɗaya da Hausa, boko da ajami, a naɗi muryarta domin a tura ta waya ga wanda ba ya karatu. A koya wa wanda aka kwantar ya riƙa ƙirga zagayawarsa da ganin jini, domin da wannan ƙirgen likita yake gane ko magani na aiki. A cire masa kunyar faɗin abin da ya gani a masai. Kafin sallama, a ce ya maimaita da bakinsa: wace ƙwaya ce ta kullum, wacce ake ragewa, wace alama ce ta dawowa da gaggawa. A kuma faɗa masa cewa bayan kimanin shekara takwas da ciwon, ana sake leƙa hanjin lokaci-lokaci saboda haɗarin daji.

Yaya tana nan da ranta, ta koma koyarwa, ƙwayoyinta suna cikin jakarta duk inda za ta. Ilimin da yake riƙe da ita yau, ni na tsinto mata shi a intanet cikin dare. Ina yawan tuna matar da aka kira bayanta a layi ranar nan, wadda ta shiga ita kaɗai, ba ta da ƙane mai digiri.