Filin Direbobi: Jirgin Ruwa a Bayan Mota

A makon nan za mu bar manyan motoci su huta, mu duba wani aiki da direbobi suka raina, watau jan jirgin ruwa mai inji a kan 'yar tirela. Ambaliyar 2012 da ta 2022, waɗanda suka datse hanyar Lokoja, sun nuna cewa direban hukuma ko na ƙungiyar agaji yana iya wayar gari a ce masa ya ɗaura jirgi ya kai bakin ruwa, alhali kuwa bai taɓa yi ba.

Na taɓa tsayawa a wata kwata kusa da Yauri, a bakin Tafkin Kainji, na ga wani dattijon direba yana fama. Duk sa'ad da ya sa ribas sai tirelar ta karkace, 'ya'yan masunta suna ta dariya. Da ya fusata ya taka totur, sai ta naɗe ta fasa masa fitilar baya. Mutumin nan gwani ne a kan kwalta, ba wanda ya taɓa koya masa wannan ne kawai.

Tun daga ɗauri ake fara kuskure. A bayan motar akwai dunƙulen ƙarfe, a wuyan tirela kuma akwai baki da ke hawa kansa, lalle ne su zama girma ɗaya. Na ƙasashen Turai milimita 50 ne, a Amurka kuwa akwai na inci 2 da na inci 1 da 7/8, ga shi kuma kayan gwanjo sun cakuɗe a kasuwanninmu. Babban baki a kan ƙaramin dunƙule zai zauna lafiya lau a tsaye, ramin farko ne zai tsige shi. Saboda haka in an kulle, a sa fil, sa'an nan a ɗaga wuyan da ƙarfi, a ga ko bayan motar ya taso tare da shi. Sarƙoƙin nan biyu kuma a gicciya su a ƙarƙashin wuyan, domin in ya kuɓuce su tallabe shi kada ya caki ƙasa. Igiyar rijiya ba ta maye gurbinsu, ko da yake na sha ganin an yi.

Wani abin da ke kashe mutane shi ne rabon nauyi. Injin jirgi a can baya yake, to, in aka ƙara masa jarkokin mai da koma a gindinsa, sai wuyan tirela ya yi sakayau. Da an kama gudu sai ta fara lilo, tana kaɗa bayan motar hagu da dama, har ta kai su duka cikin daji. Abin da ake so, kusan kashi 1 cikin 10 na nauyin ya danna a kan dunƙulen. A matso da kaya gaba, a kwashe ruwan sama da ya taru a ciki, gama kowace lita kilo 1 ce, a ɗaure jirgin gaba da baya. In kuwa lilon ya fara, kada direba ya danna birki da ƙarfi, kada ya yi kokawa da sitiyari. Ya riƙe shi sosai ya ɗaga ƙafa daga totur, har gudun ya ragu. A kwana ya buɗe, domin tayar tirela tana yanke ta ciki.

Sai ribas, inda dattijon nan ya sha kunya. Dabarar ba wuya. Ka sa hannu a ƙasan sitiyari. Inda kake so bayan tirela ya nufa, can za ka kai hannun, kaɗan kaɗan, mota tana tafiyar hawainiya. Gajeruwar tirela ta fi doguwa saurin karkacewa. Da ka ga ta fara naɗewa, tsaya, yi gaba ka miƙe, ka sake. Wannan ba abin kunya ba ne. Yaron mota ya tsaya inda kake ganinsa a madubi, in ya ɓace maka ka taka birki. Kuma filin ƙwallo ya kamata a je koyo, ba ranar da mutane ke kan rufin ɗaki suna jiran ceto ba.

Da an isa kwata, kada a yi gaggawa. A sauka a taka gangaren da ƙafa tukuna, musamman inda ruwa ya ja baya ya bar laka da gansakuka. A bar tayoyi su huce, domin boris mai zafi in ya shiga ruwan sanyi yakan zuƙo ruwa, giris ya lalace, a kan hanyar komawa taya ta ci wuta. A cire wayar fitilu, a tabbata an toshe kafar zubar da ruwa ta gindin jirgin, a kwance ɗaurin baya, amma a bar ƙugiyar gaba har sai jirgin ya taɓa ruwa. Kafin direba ya fito, ya ja birkin hannu, yaro ya sa weji, tayoyin motar na baya suna kan busasshiyar ƙasa.