Masu keke da kwanan kasuwa cikin hunturu

Jama'a, duk wanda ya taɓa yin sammakon kasuwa a watan Janairu ya gan su: masu kekuna a ƙudundune gindin rumfuna, kowa ya lulluɓa da buhun da ya ɗauko kaya a ciki. Su ne ke kawo mana kaji da tabarmi da albasar Galmi daga ƙauyukan Malbaza da Illela. Wanda zai ci kasuwar Ƙonni ranar Laraba, tun Talata yake barin gida, dole ya kwana a hanya ko bakin kasuwa. Tun da Najeriya ta janye tallafin man fetur a 2023, man bakin hanya ya yi tsada, mun ga wasu sun jingine babur sun koma kan keke.

Mai keke yana isowa ne sharkaf da gumi, ya kwanta da rigar nan a kan ƙasa. To, jiƙaƙƙiyar riga da ƙasa mai sanyi sun fi iska zuƙe ɗumin jiki. Shi ya sa wanda ya sake busasshiyar riga, ya shimfiɗa kwali biyu ƙarƙashin tabarma, ya naɗe kai da kunne da rawani, ya sha kunu mai zafi, yake tashi garau, maƙwabcinsa mai bargo kuwa ya tashi da tari. Kwali dai ba ya wuya a wurinmu. Mu da ke da shaguna kullum zubar da shi muke yi.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne wuta. Sanyi ya matsa, sai a hura gawayi a kasko, a shige shago a ja ƙofa. Gawayi na fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba a kuma ganinta. Tana kashe mutum cikin barcinsa. Wani kuma ya ƙona tsohuwar taya kusa da rumfar zana, iskar gabas na kaɗawa. In gobara ta tashi, ba za ta tambayi jarin wa ke ciki ba, kuma iyayenmu mata masu ƙaramin jari su ne ba sa farfaɗowa.

Za a ce ai da can fatake haka suka kwana. Gaskiya ne, amma fatake suna da zango, suna da mai masauki. Yau kuwa kowace ranar kasuwa muna biyan tikiti, har mai keken ma yana biya.

Don haka muna kira ga magadan gari da shugabannin ƴan kasuwa: a ware wani abu daga kuɗin nan a yi rumfar kwana a kowace babbar kasuwa, mai bango ta gabas da arewa, buɗe ta yamma, da wurin jin wuta nesa da kaya. Siminti ma ga shi nan Malbaza. A fara kafin watan Disamba.