Ɗanku na son zama likitan haƙori? Abin da za ku duba kafin ya kama aiki a asibitin haƙori

Duk shekara idan jami'o'i suka fara fitar da sunayen ɗaliban da suka ɗauka, akwai gidaje da yawa a Kawo, Unguwar Dosa, Badarawa, Malali da Unguwar Rimi da ake shiga zullumi. Yaro ko yarinya sun ci Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kimistiri da Fizis, sun zauna JAMB, burinsu likitan haƙori, amma suna bai fito ba. Ana cikin haka sai wani ɗan uwa ya kawo labarin cewa wani asibitin haƙori mai zaman kansa a cikin gari yana neman mataimaki. Sai ku iyaye ku tsaya kuna tambaya: a bar shi ya je, ko ɓata lokaci ne?

Amsarmu ita ce a bar shi, amma da sharuɗɗa. Irin wannan aiki yana iya zama tsani, yana kuma iya zama rami. Abubuwa uku ne ke raba su: a ƙarƙashin wa zai yi aikin, me za a sa shi ya yi, kuma zai ci gaba da karatu ko a'a. Maganar ta shafe ku ko da ba ku da ɗa mai wannan buri, domin ranar da ciwon haƙori ya kai ku asibiti, hannun ɗaya daga cikin waɗannan matasa ne zai wanke kayan da za a sa muku a baki.

Me ya sa gurbin ke wuya?

Karatun likitan haƙori a Najeriya shekara 6 ne ga wanda ya shiga ta JAMB. Bayan nan akwai shekara ɗaya ta horon sanin makamar aiki a asibiti, sannan bautar ƙasa. Hukumar kula da likitoci da likitocin haƙori ta ƙasa, wato MDCN, ita ce ke tantance makarantun, ita ce kuma ke ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta ɗauka a shekara. Ana auna adadin ne da yawan malamai, kujerun aikin haƙori da kawunan roba da ɗalibi ke koyon aiki a kansu kafin ya taɓa bakin mutum. Waɗannan kaya suna da tsada, shi ya sa guraben haƙori suka fi na likitanci ƙaranci nesa ba kusa ba.

Abin da ya faru a Jami'ar Kalaba a watan Yulin 2025 ya isa darasi. Adadin da MDCN ta amince wa jami'ar shi ne ɗalibai 10 a shekara, amma ta riƙa ɗaukar ninkin-ba-ninkin haka. Ƙarshenta ɗaruruwan ɗalibai suka tsinci kansu cikin halin rashin tabbas, har da waɗanda suka kusa gamawa, aka koma maganar sauya musu jami'a ko sauya musu fanni. Iyayensu sun biya kuɗin makaranta shekara da shekaru. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

A Arewa akwai tsangayoyin karatun haƙori a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Jami'ar Bayero ta Kano, Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Maiduguri. Kowacce kuka zaɓa, kafin ku biya ko sisin kwabo ku duba jerin makarantun da MDCN ke wallafawa, ku ga matsayin tantancewar da adadin da aka ba ta. Takardar shiga jami'a daban, lasisin aiki daban.

Waɗanne ayyuka ne ake farawa da su?

Likitan haƙori ba ya aiki shi kaɗai. A asibiti mai tsari za ku tarar da mutane kamar haka.

Na farko, mai karɓar baƙi da ajiye kati. Shi ke rubuta sunan majiyyaci, ya ba shi ranar dawowa, ya adana fayil, wani lokaci ya karɓi kuɗi. Wanda ya gama sakandare kuma ya iya kwamfuta zai iya wannan aiki. Wannan ne ya fi dacewa da ɗalibin da ke jiran JAMB.

Na biyu, mataimakin likita a ɗakin aiki, wanda mutane suka fi kira nas ɗin haƙori. Shi ke shirya kaya, ya miƙa wa likita abin da ya buƙata, ya riƙe bututun zuƙe yawu, ya kwaɓa abin cike ramin haƙori, ya kuma tsaftace kayan aiki bayan an gama. Wannan sana'a ce mai makarantarta da takardar shaidarta. Wanda bai yi karatun ba, iyakarsa taimakawa da kallo a ƙarƙashin wanda ya yi.

Na uku, jami'in tsaftar baki, mai wankin haƙori da kankare dattin da ya daskare a gindinsa, da koyar da mutane yadda ake kula da baki.

Na huɗu, mai ƙera haƙoran roba da sauran abubuwan da ake sa wa a baki. Aikinsa a ɗakin ƙira yake, bisa awon da likita ya aiko masa.

Na uku da na huɗu karatu ne mai zaman kansa, galibi ƙaramar difloma ta shekara 2 da babbar difloma ta wasu shekara 2, wasu jami'o'in kuma suna ba da digiri. Kowane fanni da hukumar rajistarsa: ɗaya ta jami'an tsaftar baki da mataimaka, ɗaya ta masu ƙera haƙori. Makarantar gwamnatin tarayya da ke Inugu ita ce ta fi daɗewa a wannan horo, a jiharmu kuma an san kwalejin kiwon lafiya ta Shehu Idris da ke Maƙarfi. Makarantun kuɗi masu tallar irin waɗannan kwasa-kwasai sun yawaita, wasu ba su da izini. Mu a Kaduna mun yi sa'a, ofishin hukumar NBTE mai tantance makarantun difloma yana nan kan titin Bida. Zuwa da kai ya fi aike: ku je ku tambaya ko an tantance kwas ɗin, sannan ku tuntuɓi hukumar rajistar fannin.

Abin da zai ƙaru da shi

Babbar ribar wata shida a asibitin haƙori ita ce yaro ya san ko zai iya. Da yawa suna zaɓar haƙori ne saboda sun ji an ce ya fi likitanci sauƙin shiga, ko ba a yawan kwana a asibiti. Sai ya ga jini da ruwan ƙurji, ya shaƙi warin ruɓaɓɓen haƙori, ya ga likita a sunkuye awa guda yana aiki a wurin da bai kai faɗin farce ba, sannan zai san gaskiyar ransa. Gara ya gane yanzu da ya gane a aji huɗu na jami'a.

Zai kuma koyi abin da ba a samu a littafi: yadda ake lallashin yaro mai kuka, yadda ake yi wa tsohuwa bayani da Hausar da za ta gane, da riƙe sirrin majiyyaci. Ɗan albashin da zai samu, duk ƙanƙantarsa, zai rage kuɗin fom da na darasi.

Sai dai ku sani, JAMB ba ta ba da maki don an yi aiki a asibiti, jami'a ma ba ta rage wa kowa shekara saboda haka. Abin da ke shigar da ɗalibi shi ne makinsa a Turanci, Bayoloji, Kimistiri da Fizis. Idan aikin zai cinye shi daga safe har dare kwana shida a mako, ya hana shi buɗe littafi, to ya zama cikas. Ku yi magana da mai asibitin tun farko a kan lokacin tashi da hutun jarrabawa. Akwai kuma hanyar IJMB, shirin share fage da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, wanda ke iya kai ɗalibi aji biyu kai tsaye idan sakamakonsa ya yi kyau. Mai babbar difloma kuwa kada ya ɗauka za a karɓe shi kai tsaye. Kowace jami'a da sharuɗɗanta, ana ganinsu a kundin bayanan JAMB.

Inda haɗarin yake

Ramin da muka ambata shi ne yaro ya yi shekara yana kallon cire haƙori, sai ya ga ai shi ma ya iya. Marasa lafiya sun fara kiransa dakta, abin ya yi masa daɗi. Wata rana likita ba ya nan, sai a ce ya ɗan taimaka. Daga nan wasu ke sayen allura da abin cira su buɗe shago a lungu, karatu ya bi ruwa.

Dokar likitoci da likitocin haƙori ta ƙasa ta haramta wa wanda ba shi da rajista yin aikin likitan haƙori ko amfani da sunan. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Cirar ita ce mafi sauƙi a cikin aikin. Abin da ake shekara 6 ana koyo shi ne sanin wanda bai kamata a cire masa yau ba: mai hawan jinin da bai sauka ba, mai ciwon sukari da ba a daidaita ba, mai shan maganin tsinka jini, mai ciwon sikila, mai juna biyu. Haka nan sanin abin yi idan saiwa ta karye a ciki, ko jini ya ƙi tsayawa, ko kumburi ya gangaro ƙasan haɓa yana neman toshe numfashi. Wannan na ƙarshe yana kisa cikin kwanaki. Duk wanda ya ga kumburin muƙamuƙi da zazzaɓi da wahalar haɗiya, ya nufi babban asibiti irin Barau Dikko ko asibitin sojoji na 44 ba tare da jira ba.

Ku majiyyata kuna da haƙƙin tambayar wanda zai yi muku aiki ko shi wane ne. Likitan gaskiya ba ya jin haushin a nemi ganin lasisinsa, wanda ake sabuntawa duk shekara.

Lafiyar shi kansa yaron

Wanda ke wanke kayan aiki ya fi kowa kusa da tsinin allura. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, yawancinsu ba su sani ba. Wannan ƙwaya ta fi ta ƙanjamau saurin kamawa ta hanyar sukar allura. Don haka kafin ya fara aiki a yi masa gwaji, a fara masa rigakafi: allura uku, ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida. Ku tabbatar asibitin na ba da safar hannu da takunkumi, yana da akwatin zubar da allurai, kuma yana dafa kaya a tukunyar tururi mai matsi. Jiƙa kaya a ruwan magani kaɗai bai wadatar ba. Idan allura ta soke shi, ya wanke wurin da ruwa da sabulu, ya faɗa nan take, domin maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, kuma da wuri ya fi.

Me ya sa muke so su kai ga gaci?

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki. A Disambar 2023 hukumar ta sa cutar noma, mai cinye kumatu da leɓen ƙananan yara masu tamowa, cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman hakan. Asibitin noma na Sakkwato tun 1999 yake karɓar irin waɗannan yara. Cutar tana farawa ne da ciwon dasashi, wanda idan an gano da wuri maganin kashe ƙwayoyin cuta, tsaftar baki da abinci mai gina jiki kan tsayar da shi. A gefe guda likitocin haƙori 'yan kaɗan ne, sun taru a manyan birane, wasu kuma suna ficewa ƙasashen waje. Muna buƙatar 'ya'yanmu masu jin Hausa a kowane mataki na wannan aiki, musamman mata, ganin cewa mata da yawa sun fi sakewa da mace.

Saboda haka idan an kawo muku maganar aikin, ku je asibitin da kanku ku gana da likitan, ku ga lasisinsa da takardar rajistar asibitin daga ma'aikatar lafiya ta jiha. Ku nemi a fayyace abin da yaron zai yi da wanda ba zai taɓa ba. Ku sa wa'adi, shekara ɗaya ko biyu, a sake zama a duba. Idan gurbin jami'a ya samu, alhamdu lillahi. Idan bai samu ba, ya shiga makarantar da aka tantance ya zama jami'in tsaftar baki ko mai ƙera haƙori mai rajista, sana'a ce ta mutunci da ake ci da iyali da ita. Allah Ya yi wa 'ya'yanmu jagora, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.