Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Katsina Kan Marayun Da Ke Hannun Riƙo

Mai Girma Gwamna, Malam Dikko Umaru Raɗɗa,

Daga Matazu nake rubuto maka kan yaran da ta'asar 'yan bindiga ta mayar marayu, musamman waɗanda suka fara tasawa, 'yan shekara 13 zuwa 17.

A ƙasar nan maraya ba ya rasa inda zai kwana. Da an share makoki, baffa da kawu da gwaggo za su raba yaran a tsakaninsu. Wannan riƙo na dangi shi ke ɗauke da marayun Matazu da Musawa da Ƙanƙara da Faskari, kuma abin a yaba ne. Sai dai mariƙin shi ma manomi ne da tsoro ya raba da gonarsa ta nesa. Zai iya ƙara tsaba a tukunya, amma bai san yadda zai yi da yaron da aka kashe mahaifinsa a kan idonsa ba.

Irin wannan yaro, ranka ya daɗe, da ya ji ƙarar babura da dare sai ya zabura ya fita da gudu ba ko takalmi. Ga shi ya zama saurayi amma ya koma fitsarin kwance. A aike shi gona ya ƙi, a yi masa magana ya yi shiru ko ya hau faɗa. Yarinya kuwa sai ta daina cin abinci, ta riƙa faɗuwa a makaranta. Mutanen gida su ce taurin kai ne, ko iska ce ta shafe ta. A yi duka, a yi ruƙiyya. Addu'a magani ce, ba mai musu, amma wannan ciwo yana kuma buƙatar wanda ya karance shi. In aka bar namijin haka, abokai za su koya masa sholisho da ƙwaya don ya samu barci, macen kuma a gaggauta aurar da ita a huta.

Idan dangi suka gaji, gidan mari ne abin da ke zuwa musu a rai. Mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a irin waɗannan gidaje a Daura da birnin Katsina a Oktoban 2019: mutane ɗaure da sarƙa, cikinsu har da yara, jiki duk tabon bulala. An rufe gidajen, kuma daidai ne. To mariƙin da ke ƙauyen Matazu ina zai nufa yanzu? Asibitocin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano da Barnawa a Kaduna sun fi ƙarfin aljihunsa.

Doka ba ta yi mana ƙaranci ba. Jiharmu na da dokar kare yara tun 2020, kuma a Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Aiwatarwa muke roƙo.

A sa masu unguwanni da dagatai su rubuta kowane maraya da sunan mai riƙonsa, jami'in walwala na ƙaramar hukuma ya riƙa leƙa su, ya keɓe da yaron ya ji ta bakinsa, ya kuma bincika ina gonar gadonsa take. Hukumar Zakka da Waƙafi ta tallafa wa gidajen da hatsi da kuɗin makaranta. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane firgici da ciwon damuwa, a horar da namu a kansa, mata da maza, domin budurwa ba za ta buɗe cikinta ga namiji ba.

Akwai yaran da zaman gida ba zai yiwu musu ba na wani lokaci. Su ne ke buƙatar ƙaramin gidan kulawa a shiyyar Funtuwa, mai malaman jinya da makaranta da koyon sana'a, ɓangaren mata daban. Kada a yi katafaren gini a tara yara a manta da su. Dangi su riƙa ziyara, masu sa ido su shiga ba tare da sanarwa ba, kuma tun ranar da aka karɓi yaro a fara shirin mayar da shi gida.

Harin masallacin Unguwar Mantau a Malumfashi, a Agustan 2025, ya ƙara marayu a gidajen riƙo. Ina roƙon a fara rajistar da su.

Wassalam.

Naka,
Wani ɗan Matazu